Fankar Shekara Talatin da Ɗaya

Wata takwas bayan rasuwar matata, kayan gidan suka fara bin ta ɗaya bayan ɗaya. Agogon bango ne ya fara tsayawa. Kwaɗon ƙofar baya ya daina karɓar makulli. Keken ɗinkinta ya ƙage, ko da ƙafa biyu aka taka ba ya motsi. Daga ƙarshe fankar falo ta bi sahu. In an kunna ta sai ta yi gurnani kamar tsohon da aka tasa daga barci, fukafukanta su yi rabin zagaye, su tsaya.

Wannan fanka ba abar wasa ba ce. Mun saye ta a shekarar da aka haifi 'yarmu. Ta tsaye ce, koriya, ƙarfe zalla tun daga kai har gindi. Shekara talatin da ɗaya tana juyawa ba ta taɓa ganin mai gyara ba, kuma duk baƙon da ya zauna a falona ya ji wannan magana, wasu ma sau biyu. Sirrin ba wani abu ba ne illa kula. Kowace shekara in zafi ya gabato, nakan shimfiɗa tsohuwar jarida, in cire ragar, in kwance fukafukan, in ɗiga man girki cokali guda a sandar da ke juya su. A wani tsohon littafin kula da gida na karanta cewa man da ya fito daga tsiro ya fi tausayin ƙarfe. Na kuma gano da kaina abin da littafin bai faɗa ba: man yana bukatar sati uku kafin ya ratsa. A cikin satin nan uku fankar takan yi nauyi, tana jan jiki kamar za ta tsaya. Sai wata rana in dawo gida in tarar tana gudu kamar yau aka ɓare ta. Marigayiya takan ce, "To, Malam, manka ya ratsa." Ni kuma in ce, "Ai na faɗa miki."

Bana na ɗiga mata, na jira sati uku. Shiru. Na ƙara cokali, na sake jira, na ƙara wani. Tun kafin nan ma na faɗaɗa alherin, agogo da kwaɗo da keke kowa ya samu rabonsa, tunda yanzu babu mai ce min, "Bar wannan, Malam, ni zan yi."

Ranar Lahadi 'yata ta zo. Alƙaliya nake ce mata, don tun tana 'yar shekara biyar take yanke hukunci ba tare da ta saurari shaidu ba, yanzu kuma ita ce shugabar masu jinya a wani asibiti, cutar ta ƙara kama ta. Mijinta na biye da ita rungume da dogon kwali. Shi Sabon-Yayi nake kiransa, ba a gabansa ba. Mutum ne da ke canza waya kamar yadda ake canza riga.

Ta zagaya gidan. Ta dubi agogo, ta jijjiga ƙofar baya, ta ɗaga ƙyallen da ke kan keke ta mayar. Sannan ta zauna tana fifita da jaridata.

"Baba, gidan nan ya mutu."

"Ina ciki kuwa."

"Shi ne abin da ya dame ni. Mun yi wa ɗakin baƙi na gidanmu fenti. Akwai banɗaki a ciki, akwai taga biyu."

"Littattafan fa?"

Ta dubi bangon nan uku da kantoci suka rufe tun daga ƙasa har rufi. "Ka zaɓi kwali biyu."

"Ai Baba, duk waɗannan suna cikin waya yanzu," in ji Sabon-Yayi.

"Kai ma kana cikin waya, amma ga ka nan ka cika min kujera."

Ya yi dariya. Wannan halin nasa ne ya fi ba ni haushi, ba ya jin ciwon magana. Ya farke kwalin ya fito da sabuwar fanka, fara, ta roba, mai ɗan akwatin sarrafawa daga nesa. Na karɓa da hannu ɗaya, ba ta fi nauyin tsintsiya ba. Na juya ta gaba da baya ina neman noti. Babu ko ɗaya. Liƙe ta aka yi, yadda ba za ta buɗu ba sai an fasa.

"In ta lalace fa?" na ce.

"Sai a sayi wata, Baba. Wa ke gyara yanzu?"

"Abin da aka ƙera don kada a buɗe shi, da ranar jana'izarsa aka ƙera shi. Mayar da ita gidanta."

Alƙaliya ta ce, "Ba maganar fanka muke ba. Tun da Mama ta rasu babu abin da ke aiki a nan. Gobe risho ne, ko wayar wuta. Ba zan zauna ina jiran a kira ni ba."

Na san idan ta yi irin wannan murya, hukunci ya rage sa hannu kawai. Sai na riga ta.

"Asabar mai zuwa. In kin zo kin tarar fankar nan tana juyawa, ki ɗauki kwalinki da mijinki ki bar ni a gidana, kuma a binne zancen. In ba ta juyawa, ki zo da motar kaya."

"Wa zai gyara?"

"Ni. Da hannuna."

"Na yarda," ta ce.

Saurin yardar ya kamata ya sa ni tunani. Bai sa ba.

Litinin na ba wa karatu. Shekara talatin da shida na yi a maɗaba'a ina farautar kurakuran mutane da jan biro, gano laifin fanka ba zai gagare ni ba. Kafin la'asar na kama mai laifin: wani ɗan baƙin abu mai kama da akwatin ashana, kafasito, wanda shi ke ba injin ƙarfin tashi. Alamomin duk sun dace. Na rubuta lambobin jikinsa a takarda.

Talata na tafi layin masu kayan lantarki. Shago bakwai na shiga. Kowanne cike yake da fankoki farare, jere kamar 'yan makaranta ranar rabon sakamako, amma babu mai sayar da abin da ke cikinsu. A bayan shagunan akwai tsibin waɗanda aka saya bara: fankoki marasa kai, butocin dafa ruwa, dutsen guga, injin markaɗe, duk sun haɗu suna shan rana. Mai shago na bakwai ya karanta takardata, ya dube ni da irin tausayin da ake yi wa mai neman kabarin kakansa.

"Baba, ba a yayin wannan. Ga sabuwa, har kala uku."

"Da tsohuwar zuma ake magani."

"To, sai dai ka gwada Kawo-mu-gani. Ƙarshen layi, bayan mai facin taya."

Shagon bai fi faɗin tabarma biyu ba. Injina a rataye, nannaɗen wayar tagulla a kan ƙusoshi, gwangwanayen madara cike da notuna, kowane gwangwani da girmansa. Mai shagon sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, ya ɗaure hannun tabaraunsa da waya. Na miƙa masa takardar. Bai karɓa ba.

"Kawo mu gani."

"Na riga na gani. Kafasito ne. Ka sayar min kawai."

"Na ji. Kawo mu gani."

"Malam, na yi karatu a kan abin nan."

"Madalla. Ita fankar ta yi?"

Na dawo gida raina a ɓace. Amma shi kaɗai ke da abin da nake nema, Asabar kuwa ba ta jira. Laraba da safe na ɗauki tasi, kan fankar a cinyata, gindinta a waje ta taga. Da na sauka na rungumo ta, kafin in kai ƙarshen layi na tsaya hutawa sau uku. Ban taɓa sanin nauyinta ba sai ran nan.

Yana hango ni ya ajiye abin da ke hannunsa. Ba ni yake kallo ba.

"A'a! Koriya! Bana kin makara." Ya karɓe ta kamar mai karɓar jika, ya shafa wuyanta. "Ina Malama? Lafiya ba ta zo da kanta ba?"

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ba ta samu zuwa ba."

"Allah sarki. Kai yayanta ne? Zauna, ga benci." Ya cire ragar ba tare da ya duba inda maɗaukan suke ba, ya kai hancinsa kusa da injin, ya ja da baya. "Kai! Bana mutumin ya yi kyauta. Wannan ai ya kai cokali uku."

"Wane mutumi?"

"Maigidan nata mana. Mai man girki." Ya sa sukudireba ya kwance murfin, ya lakato wani abu baƙi mai danƙo ya nuna min. "Ka gani? Man girki in ya ji zafi ya haɗu da ƙura, ƙaro yake zama. Shi ke riƙe sandar. Duk shekara sai ya yi mata wannan aika-aika, da jarida a shimfiɗe, wai kula. Ita kuma sai ta bari ya fita, ta kinkimo ta nan. In wanke da fetur, in sa man keke ɗigo biyu, ta mayar kafin ya dawo. Da yana aiki abin da sauƙi. Da ya yi ritaya sai ta koma jiran Laraba, ranar da yake zuwa ɗakin karatu."

Na tuna ranar Laraba ce.

"Kafasiton fa?" na ce.

Ya taɓa shi da wayoyin wata 'yar na'ura. "Lafiyarsa lau. Ya fi ni da kai lafiya."

Ya kwantar da fankar, ya kwance faifan ƙarfen da ke ƙarƙashin gindinta. "Ni ba na riƙe takarda. Duk abin da na yi wa kaya, a jikinsa nake rubutawa, da ƙusa. Ko na mutu, wanda zai buɗe ya san tarihi." Ya miƙo min faifan.

Na sa tabarau. Kwanan wata ne, layi-layi, an karce su ƙanana, tun daga sama har kusa da ƙasa. Gefen kowanne an rubuta "wanki". A wuri biyu an rubuta "sabon naɗi", wato injin ya ƙone an sake naɗa masa waya. Na ƙirga layukan, al'adar aiki ce. Talatin. A kusurwa akwai guntun takarda da aka manne, ta yi ja don tsufa. Rubutun ba na ƙusa ba ne, na biro ne, kuma na san hannun. Shekara talatin da huɗu ina ganinsa a jerin cefane.

"Kada a goge tabon man da ke jikin raga. Zai lura."

Na daɗe ina karanta layin nan ɗaya. Babu kuskure a ciki.

"Me ya hana ta faɗa masa?" na ce.

"Na tambaye ta. Ta ce ta faɗa masa sau ɗaya, shekarar farko. Ya tashi ya ɗauko littafi." Ya yi dariya har tabaraunsa ya zame. "Ta ce ɗaukar fanka ya fi mata sauƙi a kan ɗaukar littafin nan."

Wanzami ba ya son jarfa. Na ajiye faifan a kan gwiwata.

"Ta rasu," na ce. "Wata takwas ke nan. Ni ne mai man girkin."

Dariyar ta tsaya masa a wuya. Ya cire tabarau, ya yi mata addu'a a hankali, mai tsawo, na amsa. Mai facin taya yana ta dukan ƙarfe a gefe.

"Ka yafe min, Malam. Bakina ya riga hankalina."

"Ka faɗi abin da ba haka ba ne?"

"A'a."

"To ba ka da abin neman gafara. Yanzu ga matsalata." Na ba shi labarin Asabar, da motar kaya, da kwali biyu, da kalmar nan da na furta da bakina: da hannuna.

Ya yi ɗan tunani, sannan ya tashi daga kujerarsa. Ya ajiye gwangwanin fetur da tsohon buroshin haƙori a gabanta.

"Zauna nan. Hannunka, bakina."

Kwana biyu na yi a kujerar. Tun da na bar makaranta ba a taɓa ce min "ba haka ba" sau da yawa irin na kwanakin nan ba. Ba haka ba, Malam, notunan a jere ake ajiye su, na farko a hagu. Ba haka ba, kada fetur ya taɓa naɗin. Ba haka ba, wannan gogewa ce ko lallashi? Na zaro sandar, na kankare danƙon shekara guda da na zuba da hannuna, na wanke zobban da take juyawa a ciki har suka nuna launinsu. Fetur ya ci min fatar yatsu. Sau ɗaya na ce masa a littafi ba haka aka nuna ba. Ya ce, "To kira littafin ya zo ya ɗaura." Ban sake ba.

Da aka zo sa mai, ya miƙo min 'yar kwalba mai dogon baki.

"Ɗigo biyu."

Na ɗiga biyu. Hannuna ya tsaya a wurin.

"Malam," ya ce, "ajiye kwalbar."

Alhamis da la'asar muka kunna ta. Ba gurnani, ba jan jiki. Ta tashi kamar an kira ta da sunanta, ta watsa masa takardun kan tebur. Na miƙa hannu zan ɗaura faifan, sai ya ba ni ƙusa.

"Wanda ya yi aikin shi ke rubutawa."

Na karce kwanan wata a ƙarƙashin layi na talatin. Na rubuta "wanki". Rubutu da ƙusa ba kamar da biro ba ne, amma ya karantu.

Asabar da hantsi na ji tsayawar mota. Na leƙa: Alƙaliya ta zo da motar kaya har da igiyoyi da kwalaye a ninke. Ban tashi ba. Na zauna a kujerata da littafi, fankar tana kaɗa min gefen shafi.

Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonta. Sabon-Yayi ya leƙo ta kafaɗarta.

"Kai, Baba! Man ya ratsa ke nan?"

Ba ta kula shi ba. Ta kashe fankar, ta ce masa, "Kwantar min da ita." Ta ɗauko wuƙar tebur daga kicin, ta durƙusa, ta nufi notunan ƙarƙashi kai tsaye, ba lalube. Ta ciro faifan ta kai shi bakin taga. Na ga idonta ya sauka har layin ƙarshe. Ta san hannuna kamar yadda na san na uwarta.

"Ashe kin sani," na ce.

"Shekara shida na ƙarshe ni nake kai ta a mota. Bayanta ya daina ɗauka."

"Shi ya sa kika yarda da sauri."

"Na ɗauka mai za ka ƙara, Baba."

"Na ƙara. Sau biyu."

Ta danne dariya, ko wani abin daban, ban tantance ba. "Ka ce da hannunka."

Na nuna mata yatsuna, fatar duk ta yi fari tana saɓa. "Bakin nasa ne. Ban yi alkawari a kan baki ba."

"Kai ka ɗauke ta har can?"

"Ni."

"Ya ce maka 'ba haka ba'?"

"Ba ki zo ɗaukar rahoto ba."

Ta zauna a ƙasa da faifan a hannu, tana shafa guntun takardar da babban yatsa. Na bar ta. Ni ma ina da maganata da mai rubutun, kuma ban gama ba. Shekara talatin mace tana kallon mijinta yana yi wa baƙi lacca, tana zuba musu ruwa, ba ta ko yi tari ba. Ban san ko in kira wannan haƙuri ko mugunta ba. Ta tafi da amsar, kamar yadda ta saba tafiya da maganar ƙarshe.

"To, Alƙaliya," na ce, "hukunci."

"Agogo fa? Da keke? Da ƙofar baya?"

"Ciwonsu ɗaya. Na san maganin."

"Baba."

"Na san inda ake koyar da maganin."

Ta ɗaura faifan, ta miƙe, ta karkaɗe zanenta. "Ka zauna a gidanka. Amma kwalbar man girki ba ta ƙetare ƙofar kicin."

"Motar kuma kada ta koma haka," na ce. "Keken nan ya fi ƙarfin tasi. Ku ɗora shi, da agogon. Kai kuma kwance min kwaɗon can, notunan a jere, na farko a hagu. Ƙarshen layin masu lantarki za mu, bayan mai facin taya. Farar taku ma ku sa ta a gaba, ta ga inda 'yan'uwanta suke kwance."

Sabon-Yayi ya tayar da koriyar fankar tsaye ya kunna. Ya tsaya a gabanta iska na buɗa masa riga, yana gyaɗa kai kamar shi ya ƙera ta. Sai ya hango baƙin tabon da ke jikin ragar. Ya zaro hankici daga aljihu.

"Bar shi!" muka ce, ni da ita, baki ɗaya.